Kwanon Direba

Haɗejiya, ranar Laraba.

Zuwa ga matata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya tarin Adila, ya lafa? Mun iso lafiya, Inna tana gaishe ki.

Kin san ni da surutu a waya, amma wannan maganar ta ƙi fitowa daga bakina, shi ya sa na rubuto.

Ba sai na tuna miki abin da ya kawo mu ni da Ari ba: rahoton kwamitin harkokin waje kan makiyayan Nijar da ke gangarowa fadamar nan da rani, da ɓarayin shanu masu bindiga da ke lafewa a cikinsu. Ni ina yi wa Onarabul ɗinmu aiki, shi yana yi wa na jam'iyyar adawa, kuma rahoton ba zai shiga zauren majalisa ba sai su biyun sun sa hannu. Tun bara muke kansa a tebur ɗaya, har kike tsokanarmu da tagwayen da ba su yi kama ba.

Daga Kano Ari ya karɓe ni tuƙi saboda ciwon bayan nan nawa. Muna tsayawa a ƙofar gidanmu na tarar da Alhaji Haladu, shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa, ya cika zaure da mutanensa, wai sun zo tarar ɗan Abuja. Haladu kuwa kafin ka gama atishawa ya kai wa Onarabul labari. Ga zaɓen fid da gwani ya ƙarato. In aka ce na sauke ɗan adawa a gidan ubana, Onarabul zai janye hannunsa. Haladu ya nuna Ari da carbi ya tambaye ni ko wane ne. Mardiyya, sai na ji bakina ya ce direbana ne.

Ari yana bayana da makulli a hannu, ya ji sarai. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, tuwon shinkafa da miyar kifi. Shi kuma aka miƙa masa kwano a gindin darbejiya kusa da mota, yadda ake yi wa direbobi. Inna har ƙarin nama ta aika masa, wai direbobi suna shan wahala. Ina hango shi ta ƙofar zaure, ina yi wa Haladu dariya. Da za mu fita ya buɗe mini ƙofar baya, har da rusunawa.

Wallahi kunyar kaina nake ji. Kada ki faɗa wa matarsa Bashira.

Naki,
Tasi'u.

Guri, ranar Asabar.

Mardiyya tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya yaran? Lafiyata ƙalau, ta jiki dai.

Zaman jin ra'ayin jama'a da muka yi a garin Baturiya ya yi kyau. Ardo-ardo da manoma da masunta duk sun faɗi abin da ke ransu, kuma Onarabul biyun sun yi alkawarin sa hannu. A hanya na ba Ari haƙuri. Ya ce daidai na yi, rayukan mutanen fadama sun fi kwanon tuwo. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Jiya muka biyo gidan su Ari. Ya gabatar da ni ga mahaifiyarsa, Ya Zainaba, a matsayin amininsa, kuma bai ɓoye mata jam'iyyar da nake yi wa aiki ba. Ko a jikinta. Ta ɗauko buzun marigayi mijinta ta shimfiɗa mini, ta haɗa mana abinci a kwano ɗaya. Sai ta tambaye shi yadda aka karɓe shi a gidanmu. Ya ce Inna har ƙarin nama ta aika masa. Bai yi ƙarya ba, Mardiyya. Tsohuwar nan ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina yana ƙasa, na kasa cewa amin.

Ta ba ni bandar kifi in kawo miki. Ki dafa ranar Juma'a kamar yadda muka saba, ki kira Bashira da yara. Na gayyaci Ari da kaina, mu biyu kaɗai a mota, babu Haladu, babu kowa. Ya ce in Allah ya yarda, ranka ya daɗe. Tun da muke, Ari bai taɓa kirana da komai ba sai mutumina.

Ki sa ni a addu'a, ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Tasi'u.