Ta'aziyyar Baban Ɓeraye da Roƙon Farar Rigarsa

Cikin alhini, da zukatan da har yanzu suka ƙi yarda, Ƙungiyar Iyalan Masu Fama da Ciwon Fargaba ta samu labarin rasuwar Shehin Malami, Farfesan ilimin magunguna, uban ƙungiyarmu kuma majinginarta, wanda mu da ɗalibansa muka fi sani da Baban Ɓeraye. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayi ya ƙarar da ƙuruciyarsa har zuwa furfura a wani ɗaki mara taga na cibiyar bincike, yana binciken yadda magungunan da ke taɓa mashigar sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa suke rage tsoro ko su ƙara shi. Ya sha tsayar da mu a bayan gilashin ƙofar ɗakin mu gani da idonmu: katako ne mai siffar mararraba an ɗaga shi sama, hanya biyu da bango, biyu a buɗe, ana ɗora ɓera a kai. Ɓeran da tsoro ya cika yakan lafe a lungu, wanda magani ya karɓe shi kuwa sai ya leƙo, ya taka fili yana shinshinar iska. Nan Baba zai kwashe da dariya ya ce da mu matan aure, to ga wannan ya fito shan iska, saura mazajenku. Mai rubuta wannan saƙo, wadda mijinta direba bai ƙara taka ƙofar gida ba tun da ya yi hatsari, ta sha komawa da hoton ɓeran nan a ranta, tana mafarkin yammacin da za su jero a titi kamar yadda ake yi a ƙarshen labari.

Bai taɓa gwada ɓeran da bai saba da shi ba. Kowace safiya yakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya sa a aljihun rigarsa ta aiki har su yi barci, domin a cewarsa, in ɓera na tsoron hannunka, hannun kake aunawa, ba magani ba.

Yau ga mu a tsakiyar gwajinsa na ƙarshe, ɓerayen sun ƙi kowa. Ɗalibarsa babba ta shaida mana cewa da ta miƙa hannu sai su sandare, wanda ya sha magani da wanda bai sha ba, ba a rarrabe su. Masu wankin cibiyar, don girmama shi, sun wanke rigunansa da ke rataye a ɗakin, har da turare, ƙamshin jikinsa da ɓerayen suka saba da shi ya tafi. Hukumar cibiyar ta ce in abin bai daidaita ba a makon nan, za a rufe gwajin.

Saboda haka, muna durƙushe cike da kunya a gaban mai ɗakinsa, Mamanmu mai daraja. Mun ji akwai riga ɗaya da ya kawo miki ki ɗinke aljihunta da ɓeraye suka huda. Mun san ita ce ta rage miki da ƙamshinsa, mun kuma san nauyin abin da muke roƙo a ranakun zaman makoki. Mama, don Allah kada a wanke ta, kada a ba da ita. Ki ara mana, ɗalibar ta sa, ko ɓerayen za su yarda da ita.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ki da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi. Ba za mu shigo mu dame ki da magana ba. Gobe da hantsi za mu zauna a ƙofar gida da leda mai tsabta. In kin aiko da ita mun gode, in kin kasa rabuwa da ita, wallahi babu wadda za ta ga laifinki a cikinmu.

Matar Direba,
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobin ƙungiya.