Hatimin Inna Mai Tsaga

Litinin, 3 ga Maris
Alhamdu lillahi, sabulun da na zuba ya daskare lafiya. Na yanka, na taɓa da bakin harshe yadda Inna ta koya min, Allah ya jiƙanta. In ya yi cizo, soda ta yi yawa, ba zai fita daga gidan nan ba. Bai yi ba. Na buga hatimi: ganye uku, da 'yar tsagar nan a na tsakiya tun ranar da ya suɓuce mata ya faɗi. Ɗakin duk ƙamshi.

Laraba, 5 ga Maris
Mai kantin bakin titi ya dawo min da sabulu. Wai wata ta yi wa jaririnta wanka da shi, jikinsa ya yi ƙuraje. "Hajiya, wannan ba aikinki ba ne," in ji shi, yana kallon ƙasa. Ganye uku ne, har tsagar. Da na sa harshe sai da na tofar.

Na san na wace ce. Ban faɗa masa ba.

Auta ce, ƙanwata. Da Inna ta rasu hatimin ya zo hannuna, ita kuma ta kai wa masassaƙi sabulu ɗaya ya kwaikwaya mata. Bawan Allah har tsagar ya sassaƙa, ya zaci ado ne. Ba faɗa muka yi da ita ba. Gaisuwa ce dai ta yi ta gajarta har ta koma ta waya.

Asabar, 8 ga Maris
Babbar 'yata ta zo da yara. Ta ce in je in yi wa tambarin rajista. "Umma, in kika zauna, gobe wani can ya riga ki, ya dawo ya hana ki buga hatimin uwarki." Na ce arziki na Allah ne. Malam maigidana, daga bayan jarida: "Na Allah ne, amma ƙurajen na ɗan mutane ne." Mutumin nan, sai ka rantse ba ya ji.

Talata, 11 ga Maris
Mun je ofishin rajistar. Benci dogo, fanka mai ƙara, jami'ar tana shan shayi a murfin fulas. Mai haƙuri ce. Ta ce sai an fara bincike ko wani ya riga ni da mai kama da shi a rukunin sabulu. Daga nan a buga shi a mujallarsu, a jira ko akwai mai ja. Harafin nan R na cikin da'ira kuwa, alamar rajista, ba a sa shi sai takardar shaida ta fito. Wannan ya yi min, ba na son in faɗi abin da bai tabbata ba.

Na tambaya a hankali: in na yi, ƙanwata fa? Ta ce ko a sa sunanmu tare, ko in ba ta izini a rubuce. Amma ko wanne ne, dole wani ya tsaya a kan ingancin kayan, don mai saye tambarin yake gani, ba fuskarmu ba.

Ashe shaida nake bayarwa duk lokacin da na buga itacen nan. Ban taɓa kallonsa haka ba.

Ban sa hannu ba. 'Yata ta yi ta harara a mota. To gado ne. Inna ba ta taɓa cewa nawa ne ni kaɗai ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na yi istihara. Zuciyata dai gidan Auta take nunawa.

Lahadi, 23 ga Maris
Sai yau na iya. Na same ta a tsakar gida tana kankare mazubi, hannunta duk ya yi ja. Labari ya riga ni.

"Yaya, kotu za ki kai ni?"

Na ce, "Kotun me. Ɗauko min sabulun jiya, ki kawo harshenki."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce ita fa ba ta taɓa iyawa ba. Kullum Inna ke taɓa mata ta ce, jeki wasa, ya yi. Bayan rasuwar ta ji kunyar tambayata. "Mace da jika, in ce miki ban san cizon sabulu ba?"

Ni kuma shekarun nan ina ɗauka ganganci ne. Astagfirullah.

Mun narkar da na jiyan duka, muka ƙara mai. Ta ce ashe har yanzu ina taɓe baki irin na Inna in ina juyi. Na ce ita ma har yanzu ba ta iya riƙe muciya ba.

Laraba, 26 ga Maris
Mun koma ofis tare da Auta. Suna biyu. Mun kuma rubuta a tsakaninmu: ba a buga hatimi a gidanta sai na zo na taɓa, har sai ta iya. Da muka fito ta kai wa uwar jaririn haƙuri da ƙafarta. Ya warke sarai, har ya ja mata mayafi.

Asabar, 12 ga Afrilu
Gidan Auta. Zubi biyu sun yi, ɗaya ya koma tukunya. Mun daɗe a inuwa muna hirar Inna har la'asar ta kusa wuce mu.

Asabar, 10 ga Mayu
An buga tambarin a mujalla, 'yata ta turo hoton. Ganye uku, tsagar ta fito raɗau. Yanzu sai jira, babu gaggawa.

Yau Auta ta riga ni taɓawa, ta ce wannan ya yi, wancan da ɗan cizo. Na bi bayanta, haka ne daidai. Makon jiya ma haka. Ta kalle ni tana jira.

Na ce mata da saura.

Allah ya yafe min. Wataƙila da ɗan saura ɗin, wa ya sani. Asabar mai zuwa dai zan koma. Saboda sabulu.