Harafi Ɗaya a Bayan Sunan Baba

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Birnin Kudu, gidan Goggo Zulaiha da ta raine ni. Hutu na zo, amma da asuba sai da na buɗe waya na duba, kamar kullum. Masu binciken da suka ambaci takardarmu ta maganin tsargiya sun haura ɗari biyu. Na yi 'yar rawa a banɗaki, ba wanda ya gani.

Wannan sinadarin ya sha mini jini. Na sauya masa gini ya fi a ƙirga kafin ya yarda ya kashe tsutsar tsargiyar ya ƙyale hantar ɓeran gwaji. Ba a kai ga gwada shi a jikin mutane ba, amma Alhamdulillahi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Goggo ta gaya wa unguwa kaf wai na gama da tsargiya. Na ce mata da saura, ta ce in yi mata shiru, ba da ni take ba.

Gobe Basirka, wajen Baba. Ni ce 'yar fari, don haka tun da aka haife ni bai taɓa faɗin sunana ba. Kunya. "Waccan," ko "ta wajen Zulaiha." Mutanen da ban taɓa gani ba suna ambatona, shi ko sau ɗaya. Ba wai abin ya dame ni ba. Shekarata arba'in fa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Bas, sannan babur. Ƙuguna ya gaya mini.

Na tarar da shi yana tsinkar gyaɗa a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon gyaɗar, ya tambayi ƙanena Ikrima ko an ba baƙuwa ruwa. Baƙuwa. Dariya ta kusa ƙwace mini.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ikrima da shisshigi. Bayan la'asar ya buɗe takardar a wayarsa ya kai wa Baba har tabarma, ni ina gefe ina tankaɗe wa Inna gari. Ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa duk wanda ya ɗora aikinsa a kan nawa dole ya rubuta sunana a ƙarshe. Baba ya ce a karanto masa yadda suke rubutawa.

Ikrima ya karanta: Abdulsalami, sai harafin U.

Baba ya tambaya wane Abdulsalamin. Aka ce shi. Haka tsarin yake, sunan uba a cike, na mai aikin harafi ɗaya. Har na ɗauka maganar ta wuce. Sai na ji ya ce:

"Wannan ai zalunci ne. Ni na dafa maganin? Ko ƙofar makarantar ban sani ba."

Ikrima ya ce to ya za a yi. Baba ya ɗauki butarsa, bai dubi inda nake ba.

"A gaya musu su rubuta Ummussalma. Suna ne mai kyau, ni na zaɓa."

Ya fita masallaci da sauri kamar an biyo shi, takalminsa ɗaya a juye. Inna ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa na ci gaba da tankaɗe, ashe rariyar ba komai a ciki.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mun koma gidan jiya. Baba ya ce, "A ce wa waccan ta zo ta ci tuwo." Na ci malmala biyu.

Talata, 22 ga Oktoba

Da jiya zan koma ɗakin gwaji, na ɗaga zuwa Juma'a. Gyaɗar ce da yawa, hannu bai ishe su ba.

Abokin aikina Salihu ya bugo yana tambaya ko na ga inda adadin masu ambaton takardarmu ya kai. Sai a lokacin na tuna ban duba ba tun ranar Asabar. Na ce masa sabis ne babu a Basirka.

Akwai sabis.