Awa Biyar Zuwa Ankara

Tarabulus, Libiya
4 ga Maris, 1982

Yaya Humu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen unguwarmu Tishigu da na Tamale duka. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Hajja?

Ki gaya mata ta daina kuka. Daga nan zuwa Ankara, babban birnin Gana, kilomita dubu uku ne da ɗoriya, amma awa biyar kacal jirgin sama yake yi. In na tashi bayan asuba, azahar a Gana zan yi ta. Duk ran da ta neme ni, ku bugo waya kawai. Aikin gini muke yi, ba daɗi, amma ana ci.

Ƙanenki,
Saibu

Tarabulus
19 ga Yuli, 1983

Yaya Humu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Hajja. Na baro Tamale ba ki yi mini magana ba, kuma ban ga laifinki ba. Amma ki ji yadda aka yi.

Ran da wayarku ta iso na je wurin mai kamfani, don fasfo ɗina na cikin akwatinsa. Kwana uku yana cewa gobe. Takardar izinin fita ta ci kwana biyu. Jirgin kam bai yi ƙarya ba, awa biyar cif. Ana saura kaɗan mu sauka, wani ya nuna mini taga, wai Tamale na can ƙasa ta hannun dama. An ajiye mini shinkafa a gaba, na kasa taɓawa.

A Ankara aka ce jirgin Tamale ba mai. Na hau bayan lori. Kwana huɗu, Yaya! Tayarmu ɗaya an cusa mata tsumma, gonaki duk sun ƙone, a kowane shinge sai an sauke mu an zazzage kaya.

Kawu Andani ya gaya mini Hajja ta sa an karanta mata tsohuwar wasiƙata sau uku. Ta ce a juya tabarmarta ta fuskanci ƙofa, ta ƙi yin wasiyya wai sai na iso da azahar. Da ta cika kuma kin hana a ɗauke ta tun safe har la'asar, sai da liman ya yi faɗa, mutane suka yi ta magana a kanki. Duk saboda lissafina.

Na zagi mai kamfani, na zagi direba, amma ba su suka rubuta waccan wasiƙar ba. Ni ne, don in burge ku.

Ki ƙona ta. In wani yaron Tishigu ya zo tambayar nisan Libiya, ki ce masa kwana tara ne.

Ki gaida yara, ki yafe mini in kin iya.

Ƙanenki,
Saibu