Sunan da Na Ba Malamin Ruƙiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya. Ina fata kana lafiya a Kaduna, da kai da aikin da ka ce shi ya hana ka tahowa. Na rubuta maka wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai karanta, domin a gaban mutane aka yi abin.

Ranar Asabar ce, ina tankaɗe, Hajiya mahaifiyarka ta tsaya a bakin ƙofata da wayar ƙanwarka Zulai a hannu. Ta kunna. Sai na ji muryata, na kaurara ta, ina ba da umarni a ɗora zuciyar mamaci a kan ma'auni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta tofa mini addu'a daga nesa, ta janye ƙafarta kada ta taɓa tabarmata.

Kai ka zo da wasan nan daga jami'a. Littafin Turanci mai zanen gumakan mutanen da, da dayis irin na ludo mai fuskoki da yawa. Kowa ya ɗauki jarumi, mutum ɗaya ya riƙe labari, dayis ya yanke ko an tsira ko an faɗi. Ka ce wadda ta cinye littattafan Hausa kamar ni ita ta dace da riƙe labari. Kana fassara mini, ina ƙawatawa. Na yi muryar gunkin Misirawa mai kan dila, mai auna zuciyar mamaci, na yi ta sarauniyar ƙarƙashin ƙasa da Girkawa suka ce cin rumman ne ya ɗaure ta a can. Tun da fita ta zama abin tsoro a Ƙanƙara, a kan tabarmar nan muke zaga duniya bayan la'asar, ni da kai da Zulai. Mun san tatsuniya ce. Ana kiran magariba muke naɗewa.

Zulai ce ta ɗauki muryata a waya don ta burge ƙawayenta. Ban riƙe ta a zuciya ba, tsoro ne ya sa ta ce kallo kawai take yi.

Amma kai. A tsakar gida Baba Alhaji mahaifinka ya tambaye ka ko ka san matarka tana hawan bori. Kana kallon takalminka ka ce, “Ni ma ban san lokacin da abin ya same ta ba.” Littafin yana cikin jakarka a lokacin, na ga sanda ka saka shi.

Ka san yadda aka yi, amma a zaure ka zauna, don haka bari in shigo da kai ciki. Matan gida suka danne ni. Aka lulluɓe ni da bargo, aka tura kaskon hayaƙi ƙarƙashi. Malamin ruƙiyya da aka ɗauko yana tsula mini bulala a tafin ƙafa yana tambayar wane ne a jikina. Na ce ni ce Rabi. Ya ce ƙarya aljani yake. Na yi kalmar shahada, ya ce su ma suna yi. Na kira ka har muryata ta dushe.

Da na gane ba za a daina ba sai wani ya amsa, sai na kaurara murya. Na ba shi sunan sarauniyar nan ta Girkawa, wanda kai ka koya mini furtawa, kana dariya don na kasa. Na yi alkawarin fita ta babban yatsa. Aka yi kabbara. Na ji Hajiya tana gode wa Allah da ya tona asirin abin da ke cin gidanta.

Yanzu ina gidanmu a Sabuwa. Mata suna janye 'ya'yansu idan na zo wucewa. Littattafaina an ƙone su duka, har wanda ka saya mini kafin aure. Jiya saƙonka ya iso, wai tunda na warke in koma ɗakina, komai ya wuce.

Abin haushin, Yaya, har yanzu ina kewarka. Ina kewar yadda kake hura wa dayis iska kafin ka jefa, da yadda kake roƙona in tausaya wa jaruminka idan ya shiga uku. Kullum sai na buɗe mashi wata ƙofa. Ban taɓa barinsa ya mutu ba.

Allah ya kiyaye ka a inda kake, ya ba ka lafiya da abinci mai albarka. Ya yafe mini ƙaryar da na yi a ƙarƙashin bargo. In ya ba ka ɗiya mai son labari, ya ba ka bakin da za ka tsaya mata.

Na faɗa wa Babana da safe, ya amince. Ba zan koma Ƙanƙara ba. Ka aiko mini da takardata.

Rabi, daga Sabuwa.