Akwatuna Arba'in da Idon Baba

Katwe, Kampala

Zuwa ga Yaya Ssekandi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Namuddu da yara can Doha. Mu nan da sauƙi, ruwa ne dai ya ƙi ɗaukewa, ƙofar shago duk taɓo. Ƙafar Mama ta warke, har ta koma dafa ayabar matoke da kanta.

Yaya, akwai abin da ya hana ni sukuni. Wata ƙungiya ta ba Baba aikin akwatunan ƙarfe arba'in, na ajiye batirin sola a asibitocin ƙauye, ƙarshen wata za su karɓa. Ni na ce a bar mini zanen. Na sauke wata manhaja ta kyauta, wadda in ka zana akwati sai ta shimfiɗe maka shi a falle ɗaya, ta nuna wajen yanka da wajen lanƙwasa. Baba ya yi ta tsokanata, wai kwamfutar da ko guduma ba ta taɓa riƙewa ba ita ce za ta koya masa sana'a. Masu injin yanka suka yanka mana ɗaya na gwaji, muka lanƙwasa, murfin ya ƙi rufuwa. Baba ya shafa gefen da yatsa kawai, ya ce ƙarfe yana miƙewa in an lanƙwasa shi, ni kuwa ban lissafa da hakan ba. Gaskiyarsa ce. Na gyara lambar awon a manhajar, aka sake yankawa, ya rufu ruf.

Amma da na miƙa masa abin awo ya tabbatar, sai ya riƙe shi a juye, ya kai shi har kan hancinsa, sannan ya ce in karanta masa, wai masu yin abin awon yanzu rowar tawada gare su. Jiya kuma ya ɗora ƙafa zai taka injin lanƙwasa alhali yatsunsa na ƙarƙashin bakin ƙarfen. Ihun da na yi ne ya tsayar da shi. Da na tsare shi da tambaya, ya amsa cewa wata uku ke nan da likita ya ce yanar ido ce ta kama shi, sai an yi aiki, ko Mama bai faɗa wa ba. Ya rantse ba zai kwanta asibiti ba sai akwati na ƙarshe ya fita, kuma ba zai bar mini injin ba.

Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi kafin Litinin, ka lallashe shi ya zauna a benci yana duba aikin da hannu, ni in taka injin. In zai yi fushi da ni don na faɗa maka, ya yi. Saura akwati talatin da tara, Yaya, kowanne lanƙwasa goma sha biyu.

Ka gaishe mini da Anti Namuddu, da Kirabo, da ƙaraminsu Lutaaya. Kawu Wamala yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Hajara Nakiwala