Anti Busa Ta Rasu, Na'urarta Tana Cikin Leda

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Iyaye da Malaman Yara Masu Ciwon Asma ta sami labarin rasuwar uwar ƙungiya, babbar likitar ƙirji ta asibitin da yaranmu ke zuwa, wadda yara suka laƙaba wa Anti Busa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Duk wanda ya taɓa kai yaro wurin marigayiya ya san yadda takan durƙusa a gabansa, ta cika kumatu ta busa da kanta har sai ya yi dariya, sannan ta miƙa masa bututun awo. Ita ta fahimtar da mu cewa yaro na iya yin awon da aka saba a ce lafiyarsa lau, alhali ƙananan hanyoyin iska na can cikin huhunsa sun soma toshewa. Ta san abin a jikinta, domin ita ma da maganin shaƙa take yawo a aljihun farar rigarta.

Shi ya sa ta yi ta zarya ofis-ofis har aka sayo na'urar da ke auna iskar da mutum ya fesar, don a gano wannan toshewa da wuri. Na'ura ta iso. Sai hukumar asibiti ta kulle ta a ɗakin ƙarshen baranda, cikin ledarta, aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, wai sai babban baƙo ya zo ya yanke. Aka ɗage biki, aka sake ɗagewa, har ƙyallen ya koɗe aka canza sabo. Marigayiya kan ce cikin raha ita za ta fara busawa, tunda ita ce babbar yarinya a layi. Ciwon asmarta ya taso mata a bakin aiki, a wannan barandar, shi ne kuma ya zama ajalinta.

Rai na Allah ne, ba mu ce na'ura za ta hana ajali ba. Amma tun yaushe ƙirjin yaro yake jiran almakashi? Yanzu kuma muna jin za a sa wa ɗakin sunanta, a wani bikin da ba a tsayar da ranarsa ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai girma maigidanta, da mahaifiyarta Hajiya, da 'ya'yanta. Allah Ya gafarta mata, Ya ba su juriyar rashi, musamman autarta, wadda ke fama da irin tarin mahaifiyarta, take kuma cikin masu jiran awon.

Ga hukumar asibiti: mun yafe allon suna. Da an tashi daga zaman makoki za mu zo da yaranmu, auta a gaba. A tanadi makulli.

Malamin Kimiyya,
Kakakin Ƙungiya kuma Mai Kula da Sashen Ɗalibai